Zanen Inna Yana Hannun Malama

Ni yayarku ce nake rubuta wannan, hankalina garau, ba zafin ciwo ba ne. Likita ya ce aikin da za a yi min ƙarami ne, amma na lura in ya kira Baba waje sai ya ja ƙofa, Baba kuma ya dawo yana kallon ƙasa. Tun da Inna ta rasu ni na goya ku, don haka ku 'ya'yana ne, Dogo da 'Yar Lele da Auta. Kun san magana tana min nauyi, shi ya sa na rubuta.

1. Zanen fuskar Inna da na yi yana hannun Malama, ɗalibar nan da aka turo makarantarmu koyon koyarwa. Ku karɓo shi. Hotunan Inna duk sun tafi da wayar da ta faɗa ruwa, Auta kuma bai san fuskarta ba.

2. Ba zan ɓoye alherin Malama ba. Ita ta same ni a ƙuryar aji ina zane da gawayi a bayan kwali, ta hana a yi min dariya don ina riƙe fensir da hagu. Ta koya mana mu fara duba inda haske ya faɗa kafin mu ja layi. Ta ce ita ma da gawayi ta fara, kuma burinta ta zama cikakkiyar malamar zane. To amma da masu duba aikinta za su zo, sai ta ari zanen wai za ta liƙa a bango. Sun zo sun tafi, ita ma ta koma kwalejinsu. Na aiki Dogo, ta ce ana sa masa gilashi. Na sake aikawa, ta ce yana wurin malaminta. Abin da ya tsaya min a rai shi ne, kowa a aji ta sa ya rubuta sunansa a ƙasan zanensa. Ni kunya ta hana ni, ta gani, ta yi shiru.

3. In ta ce nata ne, ko ta miƙo muku wani, ku duba inuwar kumatu. Layin mai hagu ba ya kwanciya gefe ɗaya da na mai dama. Ku tafi da zanen bokitin da na yi, yana ƙarƙashin katifata, ku gwada. Ku je ku uku, kada Dogo ya ɗaga murya.

4. Fensiran kala nawa na bar wa 'Yar Lele. Dogo, ja da shuɗin da ka rantse ba ka gani ba, na gan su a bangon bayan gida. Na yafe, ku bar faɗan nan haka. Sauran takarduna ku ɓoye wa Goggo, da su take hura wuta.

5. In Malama ta ba ku shi da fara'a, to na zarge ta a banza. Ku nema min gafararta, 'Yar Lele kuma ta nuna mata hannunta a zane, ya fi nawa.

6. Goggo da Kawu suna yin shiru in na buɗe ido. Ina jin raba ku suke shirin yi, kowa ya ɗauki ɗaya. Ku roƙi Baba kada ya yarda.

Allah Ya raya ku, Ya yi muku albarka, Ya kare ku daga mai daɗin baki. Ku ci a kwano ɗaya, ku kwana a ɗaki ɗaya, duk wanda ya zo ɗaukar Auta ya tarar da hannunsa cikin naku.