Kududdufin Abdulgaffar

Safana, farkon damina.

Zuwa ga maiɗakina Bushira,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da jariri da su Baba a Karare. Yaya wankan jego? Allah ya raya mana.

Saƙonki ya iso, wai in cike ramin da ke gefen gidanmu, ko in turo miki Nusaiba. Ba zan yi ko ɗaya ba. Da ƙasar ramin nan na buga tubalin gidan da kike taƙama da shi, ba wanda ya ɗauko mini ko kwano guda. Da rani zan ƙara ɗaki, a nan zan ɗebi ƙasa. Ruwan bai wuce ƙugu ba. Nusaiba kuwa na ja mata kunne, 'yata ba ta tsallake maganata.

Ki gaida kowa.
Mijinki, Abdulgaffar.

Safana, watan Agusta.

Zuwa ga Bushira,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan kuna lafiya. Gara ki ji daga wurina.

Ranar Juma'a ina dawowa daga masallaci, takalmin Nusaiba ya faɗa ramin. Ta sunkuya za ta ɗauko, bakin ramin ya zabtare da ita. Na faɗa ciki da babbar rigata. Ashe ruwa ya shanye tsayina. Rigar ta jiƙe ta naɗe mini hannuwa, na kama yarinyar, amma ƙasa nake ja da ita. Jannatu matar maƙwabcinmu ce ta ɗaura igiyar guga a jarka marar komai ta wurgo mana, maza suka ja.

Nusaiba ta amayar da ruwa, an duba ta a asibiti, lafiyarta ƙalau. Ma'aikacin asibitin ya ce wanda bai iya iyo ba ya tsaya a gaɓa, ya jefa abin da ke yawo a kan ruwa. Na ji shi.

Tifa ta fara zuba ƙasa. Ɗakin da bulo zan gina shi, dama ya fi kyau. Ban ce kin fi ni gaskiya ba.

Kafin ramin ya cika, ƙanena Mani zai kawo miki Nusaiba gobe a babur. Takalminta ɗaya yana ƙarƙashin ƙasar. Ki saya mata wasu ranar kasuwar Batsari.

Ki huta lafiya.
Mijinki, Abdulgaffar.