Mai Amsa Mini Sallama

Zuwa ga taubashina Isufu,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina sanyin Lyon? Yaya amaryarmu Hadiza, da haƙurin zama da kai? Ina fata kowa lafiya.

Tun da ka kwashe kayanka ka bar ni a Sevran, in na dawo daga aiki nakan yi sallama a bakin ƙofa yadda Inna ta koya mana, amma firiji kaɗai ke gurnani. Sai na ce bari in nemi kyanwa.

Na fara zuwa wajen wata mata mai kiwonsu don sayarwa. Kyanwarta har takardar asali gare ta, kakanni bakwai, ta fi ni da kai dangi! Da ta faɗi kuɗin, na tuna Malam ya ce ba a cinikin kyanwa, na yi godiya na fito.

Daga nan na tafi gidan da ake tara kyanwoyin da aka yasar. Sun titsiye ni da tambayoyi kamar mai neman aure. Duk na amsa ina dariya, har suka ce, in na kwanta ciwo wa zai kula da ita? Sunanka na ba su.

Na ɗauko wani tsohon muzuru mai yagaggen kunne da ba wanda ya taɓa tambayarsa. Ci da barci kawai ya iya, don haka na raɗa masa Isufu. Amma shi in na yi sallama yana amsawa.

Ka sa ni a addu'a, ka gaida Hadiza. In da hali ka zo da salla, takwaranka na son ganinka.

Naka,
Habu