Mutum Ɗaya Tak

Litinin, 2 ga Nuwamba 2020
An sake kulle garinmu Mechelen saboda annoba, an kuma ƙara wa 'yan makaranta hutu har tsakiyar wata. Mijina Dries tun asuba yake tafiya aiki gidan burodi, ya bar ni a teburin kicin da kwamfutar ofis da ɗanmu Wannes, ɗan shekara shida mai ƙarfin mutum uku. Sabuwar doka: kowa ya zaɓi mutum ɗaya daga wajen gida wanda zai riƙa runguma. Har suna suka raɗa masa, wai knuffelcontact. Na kira mahaifiyata, wadda duk muke ce wa Moeke, na ce, "Ke na zaɓa, ke ce tawa." Tun rasuwar babana ba wanda ya riƙe ta. Ta ce in daina shirme, amma na ji tana jan hanci.

Alhamis, 5 ga Nuwamba
Wannes ya tsiyaya madara a takalmina. Da gangan, yana kallon idona.

Asabar, 7 ga Nuwamba
Moeke ta kawo miyar tumatir. Mun daɗe rungume da juna a bakin ƙofa. Wannes ya tsaya a matakala ya ƙi saukowa, ko gaisuwa babu. Tana tafiya ya zane bangon falo da jan alli. Na yi ihun da ni kaina na tsorata da muryata. Maƙwabta sun ji, na tabbata.

Talata, 10 ga Nuwamba
Ina tsakiyar taron ofis ta bidiyo ya shiga ƙarƙashin tebur ya gantsara min cizo a ƙafa. Shugabata ta ce, cikin ladabin nan nata mai ɗaci, "Ko za ki ɗan rufe maganarki tukuna?" Na kora shi ɗaki. Bayan taro na bi shi in ba shi haƙuri, na miƙa hannu zan jawo shi jikina, ya sandare kamar katako. "Kar ki taɓa ni."
Yaron da ba ya barina in shiga bayi ni kaɗai. Tsoro nake ji. Ina ganin na zama uwar da ɗanta ya tsana.
Dries ya ce, "Yarinta ce, za ta wuce." Shi ai ba shi ake cizo ba.

Laraba, 11 ga Nuwamba
Na gaji. Ko rubutun ma.

Juma'a, 13 ga Nuwamba
Ina feraye dankali ya zo ya tsaya nesa da ni.
"Mama, in cutar ta tafi za ki canza?"
Na ce in canza me.
"Moeke. Na ji ki a waya, ita kika zaɓa. Mutum ɗaya aka ce."
Wuƙar ta kusa yanka ni. Na ce dokar ta mutanen waje ce, 'yan gida ɗaya ba sa ciki. Bai yarda ba.
"To don me ba kya rungumar Papa?"
Na tambaye shi me ya sa ya ture ni ran Talata.
"Kar 'yan sanda su tafi da ke mana."
Duk kwanakin nan gadina yake yi, yana kuma jin haushina. Na zauna dirshan a ƙasa, ya zo da kansa ya faɗa jikina. Dankalin sai Dries ne ya ƙarasa.

Lahadi, 15 ga Nuwamba
Bai zama waliyyi ba. Yau na tsinci cuku a bayan na'urar ɗumama ɗaki, wari ya cika falo. Amma duk safiya yana kan cinyata har ƙafata ta sage. Da Dries ya shigo da garin fulawa a gira na rungume shi. Ya ce, "Lafiya kuwa?" Wannes na matakala yana duba mu kamar sufeto.
Gobe za a koma makaranta. Na ɗauka zan yi murna fiye da haka.