Kiɗan da Ya Rage a Hannunka

Karaye, ranar Litinin.

Zuwa ga Yayana Sabi'u, a Fatakwal.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar ƙanwa ga yayanta, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta iske ka lafiya ƙalau, kai da Anti Bahijja da yara. Allah ya ƙara buɗi a kasuwar albasa, ya tsare ku daga sharrin hanya da na baƙon wuri. Mu nan alhamdu lillahi, damina ta zauna sosai, gero ya fara fitar da kai, sai dai sauro da ya hana kowa sakat. Baffa ya zo daga Ruwan Bago shekaranjiya a bayan babur, ƙafar tasa ta yi sauƙi har yana cewa zai koma bin shanu, na ce masa don Allah ya rufa mana asiri. Goggo ta aiko min da nono da man shanu, wai in ci in yi ƙiba, sai ka ce takaba kiwo ce. Ummu Hani tana nan lafiya. Ta daina tambayar inda babanta ya tafi, kuma wallahi shirun nata ya fi tambayar yi min ciwo.

Kada ka yi mamakin ganin takarda a zamanin waya. Ɗakin nan ba ya rabo da mata masu zuwa gaisuwa, kuma bangon da ya raba ni da Inna, surukata, ba ya riƙe magana, ko tari na yi sai ta ce min sannu. Shi ya sa na yago fallayen nan zan ba Barau direba, tunda gobe zai sauko muku da kaya. Yau kwanana talatin da uku a takaba, saura wata uku da kwana bakwai. Kai ka san ƙanwarka da ƙafa, Goggo ma cewa take ba a yanka min cibiya a gida ba. To ga ni nan, daga ɗaki sai tsakar gida, daga tsakar gida sai ɗaki, da zane ɗaya da hijabi ɗaya. Ranar kasuwa ina jin ƙarar babura da ihun kwandastoci suna kiran Kano, Kano, ni kuwa ko ƙofar zaure ban leƙa ba. Ban ce na gaji da umarnin Allah ba, Yaya. Da zaman ne kaɗai da na jure.

Maganar kiɗan marigayi ce ta sa na ɗauki biro. Ka san Baban Ummu da fiyanonsa. Shekara shida ya yi a Kano yana kaɗa wa mawaƙan biki a ƙungiyarsu ta mutum biyar, kuma ba yabon miji ba, in ya ɗora yatsu a kan abin nan har tsofaffi sai sun gyaɗa kai. Amma ransa ba ya can. Tun yana sakandare wani malaminsu ya ba shi tsofaffin kasakasai na wasu Turawa masu dogon gashi, inda mutum ɗaya zai zauna a tsakiyar fiyano huɗu ko biyar, yana kaɗa wannan da dama wancan da hagu, kiɗa ɗaya ya yi minti ashirin ba wanda ya buɗe baki. Abin nan ya shiga ransa bai fita ba. Da ya gaji da kaɗa wa amare abu ɗaya kullum sai ya tattaro kayansa ya dawo gida, ya kama ɗan shagon nan na bayan tasha. Da safe gyaran rediyo da waya, da yamma ya turo ƙofa ya yi nasa shi kaɗai, ba mawaƙi, ba 'yan amshi.

Faifai huɗu ya yi a cikin shekara tara. Na farko na noman rani ne, har bakin dam ya je ya ɗauko ƙarar injin ban ruwa ya saka a ciki. Na biyu hanya ce daga Karaye zuwa Rogo, kiɗa ɗaya dogo da yake gudu, ya tsaya, ya faɗa rami, ya sake tashi, wai har inda direba ke tsayawa a loda rake ya sa. Na uku ya yi wa ƙauyen kakanninsu da ruwa ya cinye, wanda shi bai taɓa gani ba sai a bakin Inna, ita ce take ba shi labarin rijiyarsu da tsamiyar ƙofar gida tun yana ƙarami. Na huɗu ko suna bai sa masa ba, ya gama shi wata biyu kafin ciwon ƙodar ya kwantar da shi.

Kuma wa ya saurara? Ya kai wa masu tura waƙa a waya, suka ji minti biyu suka tambaye shi yaushe za a fara waƙar. An taɓa sa na biyun a wani biki, 'yan mata suka tashi rawa, suna ɗaga ƙafa kiɗan ya sauya taku, suka tsaya cirko-cirko, aka ce a cire. Kai ma ai ba ka bar shi ba. Ranar da za ka koma bayan babbar Sallah, da ya zuba maka duka huɗun a memori ya danƙa maka, cewa ka yi za ka kai wa Baffa ya riƙa korar tsuntsaye a gonar dawa. Ya yi dariya har da riƙe ciki, amma ni matarsa na san ya ji. Ba gori nake maka ba, ni ma da farko barci nake yi. Bayan la'asar zai shigo ya saka min iyafis a kunne ya zauna yana kallon fuskata, kafin a yi nisa na fara gyangyaɗi, ya ce kai, Hidaya, ke dai kunnenki na ƙashi ne. Sai da na shekara biyu ina wannan abin kunya. Wata rana ina tankaɗe ya saka min na ukun, aka zo wani wuri da komai ya yi ƙasa-ƙasa sai sauti ɗaya siriri da ya rage yana tafiya, kawai na ga hawaye yana ɗiga a cikin garin. Daga ranar nan duk abin da ya haɗa ni ce ta farkon ji, kuma yawanci ni ce ta ƙarshe.

To, kwana ashirin da rasuwa wata mata ta zo gaisuwa daga Kafin Dafga. Ba da mugunta ta faɗa ba, ni shaida ce, tana kuka take maganar. Ta ce wa Inna duk makaɗin da ya rasu ya bar kiɗansa a duniya, duk sanda wani ya kunna sai an ƙara masa nauyi a kabari, gara a goge a sauƙaƙa masa. Yaya, tun daga ranar Inna ta daina cin abinci. Tsohuwar nan ta zabge a kwana biyar, ko waya ta yi ƙara a tsakar gida sai ta zabura ta tambaya ko kiɗan ɗanta Lukumanu ne. Ta tura Yaya Shitu, wan marigayi, wurin malamin unguwa, ya ce a goge shi ne mafi aminci. Baffa kuma da na kai masa kuka ya tambayi wani malami a Rogo, shi ya ce malamai sun saɓa a kan kayan kiɗa, tunda ba batsa ba zagi a ciki a yi ta yi masa addu'a da sadaka. Da aka gaya wa Inna sai ta ce ita ba za ta yi caca da kabarin ɗanta ba. Ta ce wata tara ta ɗauke shi, ta goya shi, ta kasa hana shi ciwo, wannan ne kaɗai abin da ya rage da za ta iya yi masa.

Me zan ce mata? Na ce, Inna, ai ba mai kunnawa, duk garin nan ba wanda ya taɓa nema. Ta ce to ashe ba asarar kowa in an goge. Na roƙe ta ko na ukun ta saurara sau ɗaya, tunda labarinta ne, garinsu ne. Ta toshe kunnuwanta da hannu biyu ta ce so nake ita ma ta ɗora masa da kanta? Kuma gaskiyar da ban faɗa wa kowa ba sai kai, ni ma tsoron ya kama ni. Ni ba malama ba ce. In maganar matar nan gaskiya ce fa? In ni ce nake ƙona shi saboda son zuciyata, don kawai ina kewar jin yatsunsa? Ina idar da salla in ɗaga hannu in rasa me zan roƙa.

Ranar Juma'ar da ta wuce, da aka sauko daga masallaci, Yaya Shitu ya ɗauko kwamfutar marigayi daga shago ya ajiye a bakin ƙofata, ya tsaya daga waje. Sun yi ta gwadawa ta ƙi buɗuwa, don ba wanda ya san lambar sirrin sai ni. Inna ta shigo ta zauna a gefena a kan tabarma, ta kama hannuna ta ce ba dole take min ba, roƙona take. Wallahi da faɗa ta yi min da na sami ƙarfin ƙi. Na buɗe. Ga su nan huɗu a jere kamar yadda ya bar su. Na danna, kwamfutar ta tambaye ni ko na tabbata, na ce na tabbata. Na shiga inda abin da aka goge ke taruwa, kamar yadda ya koya min, na share can ma, don kada in yaudari tsohuwa. Sai na goge na cikin wayata. Aikin shekara tara, Yaya, ya tafi cikin lokacin da ko ruwan kofi ɗaya mutum ba zai gama sha ba. Inna ta rungume ni tana sa min albarka, kuma ranar ta ci tuwo har ta nemi ƙari. Ni kuwa na shiga bayi na kunna famfo don kada a ji ni.

Yanzu abin da ya rage min sai wanda ke cikin kaina, shi ma zubewa yake yi. Jiya ina wanke-wanke na bi na ukun a zuci tun daga farko, na zo tsakiya na ɓata, na koma baya na sake tahowa, na sake ɓata a wurin. Ba wanda zan tambaya. Ko ɗan amonsa ba na iya yi da baki, ga bango ga Inna.

Da na ce shi ke nan an gama, sai shekaranjiya da safe ta kira ni. Ta ce in gaya mata tsakanina da Allah, ko akwai sauran wani a hannun wani. Yaya, na so in yi ƙarya. Har na buɗe baki zan ce babu, na dubi fuskarta, harshena ya ƙi. Na ce mata akwai memorin da ya ba ka. Ka yafe min, ni na ambaci sunanka. Ta ce in aika maka, tunda ni ce ƙanwarka kuma za ka fi jin tawa.

To ga saƙon Inna, zan isar maka da shi yadda ta ba ni, ban rage ba ban ƙara ba. Ta ce tana gaishe ka, tana gode maka da ta'aziyyar da ka yi da buhun shinkafar da ka aiko na sadaka. Ta ce tana roƙonka don girman Allah, da darajar zumuncin da ke tsakanin gidajen nan biyu, ka goge abin da ke cikin memorin nan kafin addu'ar arba'in, wato Litinin mai zuwa, don ɗanta ya kwanta da sauƙi. Na isar. Allah shaida ne na isar.

Ban ma san ko memorin yana nan ba. Na san ka da sakaci, wataƙila tuni ka share ka zuba wa'azi ko wasan dambe, wataƙila yana cikin aljihun wata tsohuwar riga an wanke shi da sabulu. Wataƙila kuma yana nan lafiya lau, kuma duk duniya ba sauran inda yatsun Baban Ummu suke motsi sai a hannunka. Ba zan ce maka ka goge ba, bakina ba zai iya ba. Ba zan ce maka ka ajiye ba, don ban san abin da yake ciki a kabarinsa ba, kuma na riga na kalli idon tsohuwar nan. Kai namiji ne, kana da malamai a can, kana da hankalinka. Ka yi abin da za ka iya tsayawa da shi gaban Allah.

Ka gaida Anti Bahijja da kyau, ka ce mata na ga turaren da ta aiko, na ba Goggo ta ajiye min sai na fita. Ka shafa min kan Sadiƙ da Fatimatuzzahra, ka ce su dage da karatu. Ka gaida Kawu Abdulsalami da duk 'yan Rogo da ke nan kasuwarku. Baffa da Goggo suna sa maka albarka, Yaya Shitu ma ya ce a gaishe ka.

Alfarma ɗaya nake nema, ita ce tawa ta kaina. In takardar nan ta iso, ka kira ka ce min ta iso, ka tambaye ni lafiyata da ta Ummu, ka tsaya nan. Kada ka gaya min abin da ka yi da memorin, ko yanzu, ko bayan na fita, ko na roƙe ka da kuka. In ka ce min ka goge, zan sake binne Baban Ummu a ɗakin nan ni kaɗai. In ka ce ka ajiye, kullum da safe sai na durƙusa na gaida Inna da ƙarya a bakina. Za ta tambaye ni, na sani. Ina so in ce mata na isar da saƙonta kuma ban san sauran ba, ya zama gaskiya na faɗa.

Allah ya jiƙan Baban Ummu, ya sa ya huta, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ni ce ƙanwarka,
Hidaya.