Bangon Baya Ni Na Gina Shi

Zuwa ga hasken idona, inuwata ta tsakar rana, sanyin ruwa a maƙogwaron mai ƙishi, uwar 'ya'yana, wadda ta ɗora keken ɗinkinta a mota ta tafi gidan 'yarta ta bar ni yau kwana goma sha ɗaya,

Ina gaishe ki irin gaisuwar da busasshiyar ƙasa ke yi wa ruwan farko. Yaya gwiwar taki? Kina shafa maganin kuwa, ko a can ma sai an bi ki da shi? Kada ki yi wa rubutun nan dariya. Ke kika koya mini haruffa a bayan takardar buhun siminti bayan furfura ta riga ta fito mini, saboda haka duk harafin da kika ga ya karkace, laifin malamar ne. Kwana uku ina fama da wasiƙar nan. Bango mai tsawon taku talatin yana miƙewa a hannuna, amma layi ɗaya a takarda ya gagare ni.

Ke kurciyar gidana, kin san abin da kika bari? Ɗakin nan ya yi shiru har ina jin ƙarar hanjina. Inda kekenki yake zama akwai tabon ƙafafunsa huɗu a ƙasa, da guntayen zare ja da fari, kuma ban share ba, ba zan share ba. Ina dafa shayi kofi biyu saboda hannuna bai iya auna na mutum ɗaya ba, in sha nawa, in zauna ina hararar naki har ya huce. Shekara arba'in da uku ina farkawa da motsinki kamar yadda tsuntsu ke farkawa da hasken gabas. Yanzu da me zan farka? Da tarin maƙwabci?

Ban ce ba ki da gaskiya ba. Ban kuma ce kina da ita duka ba, kada ki yi saurin murna.

Ki tuna yadda muka zo nan. Mai gidan hayar nan ya rasu, ko wata biyu ba a yi ba magadansa suka zo da tef suna auna tsakar gida a kan shanyarki, suka ce sun sa gidan a kasuwa, mu nemi wani wurin, wa'adin da suka ba mu kuma ƙarshen watan nan zai cika. Gida na tara ke nan da za mu kwashe kaya daga cikinsa. Ni da na gina wa mutane gidaje sama da sittin! In na bi wasu tituna, hagu aikina ne, dama aikina ne, karnukan ciki kuma ni suke yi wa haushi.

Wata bakwai muna yawo, ke da gwiwarki, ni da bayana, muna bin dillalin nan mai waya biyu, wanda ba ya gama magana da mutum sai ɗaya wayar ta yi kuka. Gidan farko, kuɗin da ya faɗa da safe daban, na la'asar daban, wai kasuwa ta motsa. Ina ta motsa ta je? Na biyu, na yi musabaha da mai shi, ya riƙe hannuna ya ce an gama. Washegari na zo na tarar wani ya biya ta waya daga wata ƙasa, mutumin da bai taɓa taka ƙofar ba, hoto kawai aka tura masa. Na bi ta wurin makon jiya, a kulle yake, ciyawa ta kai taga. Suna sayen gidaje suna rufewa kamar hatsi, mu da za mu kwana a ciki muna leƙe ta katanga. Na uku shi ne na saman bene, mai matakala talatin da biyu. Ke kika ƙirga, kika zauna a ta ashirin kina haki, dillali yana cewa ai motsa jiki ne.

Banki kuwa, bar shi kawai. Wata yarinya sa'ar jikarmu ta ce in kawo takardar albashi. Na shimfiɗa mata tafin hannuwana a kan tebur na ce ga ta nan. Ta yi murmushi irin na masu jinya, ta ce kuma shekaruna sun wuce. Sun wuce ina? A jikina suke, ko ɗaya bai tafi ba.

Sai surukin nan naki mai ɗaure wuya da igiya ya ce mu dawo ɗakin baƙinsa. Na san da kyakkyawar niyya ya faɗa, kada ki fara. Amma ni in kwana a ƙarƙashin rufin yaron da ya zo neman 'yata muryarsa tana rawa? In riƙa sallama kafin in shiga banɗaki? Kuma tayil ɗin falonsa ma na ƙwanƙwasa, rabinsa iska ce a ƙasa, an cuce shi. Ki gaya masa.

Ya farin watana, kin tuna ɗakinmu na farko, mai yoyo ta kusurwa uku? Ranar da aka yi ruwan nan mai ƙarfi kika cire mayafinki kika rufe keken, ke kina jiƙewa kina dariya. Da ruwa ya tsaya kika ɗauki allin da kike zana yadi da shi, kika durƙusa kika zana mini gida a ƙasa: ɗaki biyu, ba bene, da taga babba ta gabas don ki riƙa ganin ramin allura da safe. Na taka zanen da ƙafata na ce wannan ai aikin wata uku ne. Wata uku! Fuskarki a ranar kamar gona bayan ruwa. Ban taɓa ganin abin da ya fi ta ba, kuma na hau rufin gidaje masu tsayi na ga nesa.

Shi ya sa na san abin da kika ji ranar da dillali ya buɗe mana gidan nan na bayan tashar mota. Ɗaki biyu. Ba bene. Ga bishiya a tsakar gida, ga taga ta gabas, ga kuɗinsa daidai abin da muka tara, nawa na gini da naki na ɗinki. Na ga kin saki sandarki kin jingina ta da ƙofa. Kika shiga ɗakin ciki, kika dafa bangon baya kika ce a nan gadonmu zai zauna. Ni kuwa na ce ba na so. Kika tambaye ni dalili, na ce ba na so kawai, na fita na bar ki da dillali. Sai da muka iso gida kika faɗi maganar da har yau take ci na:

“Malam, kai ba gida kake nema ba. Aibi kake nema, kuma ka fi kowa iya samunsa. Ni na gaji.”

To ga dalilin. Ki zauna kafin ki karanta, kuma kada ki ba 'yarki ta karanta miki.

Kin san al'adata. Duk gidan da na gina, kafin siminti ya bushe nakan danna babban yatsana sau uku a ƙarƙashin dakalin taga, inda ido ba ya kaiwa. Sa hannuna ke nan tun ban san harafi ba. Ranar nan, kina can kina murna, na kai hannu ƙarƙashin tagar gabas don in ji ko akwai damshi, sai yatsana ya faɗa cikin rami. Ɗaya, biyu, uku. Ya zauna daram kamar jiya na danna. Ban gane unguwar ba, domin lokacin da na yi aikin wurin fili ne, ba tasha, ba shaguna. Amma da na ɗaga kai na dubi kusurwar ɗakin sai komai ya dawo.

Shekara ashirin da takwas ke nan. Kina da cikin auta, na yi wata huɗu ba aiki, kina ɗinki har ƙafafunki suka kumbura. Wani ɗan kwangila ya ba ni ginin, mu ne masu buga bulo, mu ne masu ɗorawa. Bango uku na gaba mun yi su da gaskiya, buhun siminti ɗaya bulo talatin, saboda mai gidan yana zuwa dubawa. Da mai gidan ya yi tafiya, ɗan kwangila ya ce na baya a buga sittin a buhu, a rage rodi, shafe zai rufe. Na ce ba na irin wannan aikin. Ya ce to in kwashe kayana, akwai magina goma a bakin titi suna jira. Na tuna ƙafafunki. Na buga.

Ba ina ɗora miki ba ne, Allah ya sani. Ke ba ki ce in yi ba, da kin sani ma da kin gwammace mu kwana da yunwa. Ni na yi. Ɗan kwangilar ya daɗe da mutuwa, ya tafi da cinikinsa, ni ya bar ni da bangon.

Shi ne bangon da kika dafa. A nan kika ce za ki sa kanki ki yi barci. Ta yaya zan ce to? Ta yaya kuma zan buɗe baki a gaban dillali in ce aikina ne? Ke da kike gaya wa matan da ke kawo miki ɗinki cewa mijinki ba shi da boko, ba shi da mota, amma bangonsa bai taɓa tsagewa ba! Sau nawa na ji ki ta labule kina faɗa, ina jin kaina yana taɓa silin? Abin da na mallaka ke nan a duniya, wannan maganar taki. Na zaɓi ki kira ni mai taurin kai da ki daina faɗinta. Taurin kan ai kin saba da shi.

Bayan tafiyarki na koma ni kaɗai da ƙusa a aljihu. Sun shafa sabon fenti a kan tsaga, tun daga lintal can sama har ƙasa. Na kankare shafen, na soka ƙusar, bulon ya zubo mini a hannu kamar sukari. Damina biyu ta rage masa, in ya yi ƙoƙari uku. Na gaya wa dillali bangon nan matacce ne. Ya yi dariya ya ce Baba ke nan, kowane mai saye da irin waƙarsa, sannan ya ƙara kuɗi a kan na da, wai wani malamin makaranta mai yara huɗu yana so. Ya ba ni zuwa ranar Alhamis da hantsi. Ƙarin da ya yi na cike shi, na sayar da injin buga bulona da katakon hawa. Kada ki yi faɗa, ba su da sauran amfani a wurina in ba ke.

Amma rabin kuɗin naki ne, yana hannunki, allura da allura kika tara shi. Ba zan taɓa shi da wayo ba, ba zan kuma aiko a lallashe ki ba. Ga gaskiyar abin da za ki saya: bango uku na kirki, da ɗaya na ƙarya, da tsohon da ya yi ƙaryar. In kin yarda, zan tokare rufin, in rushe na bayan tun daga sama har tushe, in sake ɗora shi da hannuna, talatin a buhu. Za mu kwana a ɗakin gaba, ƙura za ta dame ki, za ki yi mita, ni kuma zan ji daɗin mitar kamar kukan tsuntsaye da asuba. In kuma ba ki yarda ba, zan nemi malamin nan in kai shi ɗakin in ba shi ƙusar ya soka da kansa, ko da dillalan garin nan duka za su daina amsa gaisuwata. Bayan nan ban san inda zan kai tabarmata ba. Ban yi tunanin wurin ba, domin duk inda na hango babu ke, ba ya kama da wuri.

Ya sanyin idona, raɓar safiyata, bishiyar da na jingina da ita tun ina da ƙarfi har na rasa shi! Rashin gidan ba ya ba ni tsoro, na saba. Kallon da za ki yi mini bayan kin ninke takardar nan, shi ne ya hana ni cin abinci. Za ki iya duban hannuwan nan kamar da? In ba za ki iya ba, ki zo ki faɗa mini a fuskata, ki zage ni iya son ranki, na cancanci zagin. Shirunki ne ba zan iya ɗauka ba. Na ɗauki buhu biyu a kafaɗa ina saurayi, amma wannan ya fi ƙarfina.

Ranar Alhamis tun rana ba ta yi zafi ba ina ƙofar gidan, da wankakkiyar riga, da guduma a jaka. Zan riƙa duban duk motar da ta tsaya a tashar. Ban taɓa roƙon ɗan kwangila ba, ban roƙi banki ba, ban roƙi surukinki ba. Ke nake roƙo. Ki zo ki tsaya a bayana lokacin da zan kai masa bugun farko, don ina so ki ga yadda zai zube, ki ga mafi munin aikina da idonki, sannan ki ga abin da zan sa a madadinsa. Ki taho da kujera. Aikin zai ɗauki kwanaki, ba ni da saurin da.

Ni ne naki, mai taurin kan nan, wanda bai taɓa ɗaga ido ya dubi wata ba tun ranar da ya gan ki, kuma ba zai duba ba har a kai shi ɗakin da ba a biyan haya,

Mijinki, magini.