Shuɗi a Gidan Ƙwai

Yayata abin ƙaunata,

Gaisuwa mai yawa. Ya maigidan da yara? Ya ƙafar Inna, ta sauka?

Kin ce ba ki taɓa gane aikina ba sai dai kin san ina kiwon ɓeraye. To, saurara. Muna yanka gidan ƙwan haihuwa na macen ɓera siriri, mu ɗora a gilashi, mu zuba wani rini. Duk inda sinadarin ƙarfe ya taru sai ya koma shuɗi. A tsofaffin ɓeraye, ƙwayoyin garkuwar jiki kan haɗiye ƙarfen su kumbura, su cika wurin. A ƙanana ba a ganin haka.

Yaya, makon jiya na ga shuɗi a ƙananan ma! Kin san shekaruna arba'in da biyu, kin san haihuwar da nake jira. Sai zuciyata ta ce ashe ba tsufa ne ke kawo shi ba, ashe ina da sauran lokaci. Da gudu na kai wa Farfesa, shugabanmu. Ranar Litinin zai faɗa wa babban taron masana.

Ki gaida Inna.
Ƙanwarki, Auta

Yaya,

Ina fata kuna lafiya. Ni kam ba lafiya ba.

Ina wanke kayan aiki jiya na ga hantsakina a kwano, bakinsa ya yi tsatsa. Wannan rinin ba a kusantarsa da ƙarfe, da hantsakin roba ake ɗaukar gilasan. Nawa na roba ya karye tun watan jiya, na ɗauki na ƙarfe na ce na kwana ɗaya ne, na manta. Shekara goma sha ɗaya ina aikin nan, ni ce ke yi wa wasu faɗa a kan haka.

Wataƙila shuɗin nan tsatsa ce kawai. Ba wanda ya sani. Farfesa ya wuce ta ƙofata ɗazu yana murmushi, har ya sa sunana a farkon takardar da zai gabatar. In na yi shiru, ya tsaya gaban mutane da ƙarya. In na faɗa, ban san da wane ido zan dube shi ba. Na sake rina sababbin gilasai da hantsakin aro, suna bushewa. Tsoro nake ji, wallahi. Kada ki gaya wa Inna.

Ki sa ni a addu'a.
Auta

Yayata,

Sallama da fatan alheri gare ku duka.

Na duba da safe. Ƙananan fes suke, ko ɗigo babu. Tsofaffin kuwa shuɗi ko'ina. Na daɗe zaune ina juya madubin da muke duba gilasan da shi kamar zai canza magana.

Na je na faɗa wa Farfesa a tsaye. Ya cire tabarau, sannan ya ce in kawo masa takardar ya soke. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga.

Abin da ya fi ci mini rai, Yaya, tun ranar farko ya kamata in yi shakka. Ban yi ba don ina so ya zama gaskiya. Ba ɓera nake dubawa ba, kaina nake dubawa.

Shekara uku maigidana na roƙo mu ga likitar mata, ina cewa sai aiki ya lafa. Na kira asibitin, sun ba mu Laraba. Ki zo ki raka ni, ba zan iya shiga ni kaɗai ba.

Taki har kullum,
Auta