Goruba da Audugar Matashi

Lokuwa, Mubi
16 ga Satumba, 1968

Zuwa ga Yaya Levi,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan kana lafiya, kai da Salomi da yara, da kuma aikinka na jirgin ƙasa a Kaduna. Allah ya tsare ku a wannan zamani na yaƙi. Mu nan sai godiya. Ruwa ya yi yawa bana, mayo, wato kogi, ya cika har ya ci gefen gonar Baba a Gella, amma dawa ta tsira. Ƙafar Mama da sauƙi, har tana zuwa sujada da sanda.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami, kuma ba da daɗin rai ba. Ɗanka Andrawus ya zo mana hutu daga jami'a da tabarau da jakar hannu, yana magana ta hanci. Na ba shi ɗaki, na ba shi tuwo. Ka san tun da malaman kimiyya suka koma Gabas shekara biyu da suka wuce, aka ɗauko mijina Kwaji daga firamare aka ɗora masa ajin kimiyya a sakandare, don babu kowa. Ko kwalbar gwaji ba a ba shi ba. Da hannunsa ya ƙera abin nuna wa ɗalibai ƙwayar zarra ta iskar haidirojin, wadda suka ce ita ce mafi sauƙi a duniya. Ƙwallon goruba ne a tsakiya, wayar birkin keke ta kewaye shi, ga gujjiya guda a jikin wayar, wai ita ce ilektiron. Yana tura ta da yatsa tana zagayawa, ɗalibai suna ganewa.

Kwaji da kansa ya gayyaci ɗan naka aji, don yana alfahari da shi, shi ya fara kama masa hannu ya rubuta sunansa a Gella. Sai gogan naka ya miƙe gaban ɗalibai arba'in, ya ɗaga gorubar da yatsu biyu yana dariya, ya ce ai wannan tun shekara arba'in masana suka yar da ita. Wai ilektiron ba ta bin hanya, ba wanda zai ce ga ta nan, sai dai a ce an fi sa ran samunta a wuri kaza, kamar gajimare kewaye da tsakiyar. Wai tana da matakai kamar tsani, amma in za ta sauya mataki tsalle take yi, ba ta bi ta tsakani, kuma in ta sauko sai ta fid da haske. Ji fa! Da ya zo yana maimaita mini a tsakar gida, na ce masa abin da na sani ya yi irin wannan tsalle shi ne Mubi lokacin ƙuri'a, muka kwana a Kamaru muka tashi a Najeriya, ko tukunya ba ta motsa ba. Ko murmushi bai yi ba, ya ce ba zan gane ba. Ni da na wanke masa kashi!

Yaya, ban damu ko gaskiya ya faɗa ba. Ashe a jami'ar ba a koya musu cewa ana jan babba gefe a gaya masa? Ilimin da ba ladabi, ni ko kyauta ba na so. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi. Ya gama ɓarnarsa ya hau lori ya bar mu da ita. Yanzu ɗalibai Malam Goruba suke kiran Kwaji, in ya juya ga allo sai ƙus-ƙus da dariya, alhali jarrabawarsu saura wata biyu. Magana ta kai kunnen shugaban makaranta. Ya ce ranar bakwai ga Oktoba zai zauna a ajin, in bai gamsu ba Kwaji zai koma firamare a ƙauyen Kwaja.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne jiya. Na dawo daga kasuwa na tarar Kwaji ya farke mini matashin kai. Ya kwance wayar, ya cire gujjiyar, yana manna auduga kewaye da gorubar, mai kauri kusa da ita, shara-shara daga waje. Ya ce yaron ne da gaskiya, littafin da yake koyarwa da shi ne ya tsufa, kuma ba zai tura 'ya'yan mutane duniya da abin da ya san ba haka yake ba. Amma bayanin matakan nan ya gagare shi, don sau ɗaya ya ji shi, kuma ana masa dariya. Mutum mai furfura, zaune a tabarma, auduga har gemu. Na shiga ɗaki na yi kuka.

Don haka ka karɓi littafin nan mai jan bango da Andrawus ya yi ta kaɗa mana a fuska, ka ba direban da ke zuwa Mubi ran Laraba. Littafin nake so, mai shi ya zauna inda yake.

Ka gaida Salomi da 'yan matanka, Miriyamu da Ƙauna. Mama da ɗanmu Zira suna gaishe ku. Kwaji ya ce lallai in gaida Andrawus, in ce masa malaminsa ya gode. Na rubuta ne don shi ya ce in rubuta.

Ƙanwarka,
Hanatu